Ƙaurar VM tana faɗuwa amma saƙon kuskuren yana kai ni wani waje daban, a ina ya kamata a buga kuskure?

sabon_hannu:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu taɓa kod ɗin QEMU, manhajar da ke gudanar da VM, wato kwamfutar kwaikwayo da ke aiki a cikin wata kwamfutar, ku duba min wannan, ya kwana biyu yana damuna.

A wajen aiki an ba ni wata ƙaramar na'ura in rubuta, irin wadda VM zai gani kamar kati ne aka soka masa, muna kan QEMU 8.2. Na'urar tana aiki lafiya lau, sai aka ce dole ta iya bin VM idan za a ƙaurar da shi daga wannan saba zuwa waccan yana kunne. Na rubuta VMStateDescription ɗina, na jera abubuwan da za a kwashe, na saka post_load, fankshin da ake kira a ɓangaren mai karɓa bayan an loda bayanan na'urar, da yake duba girman layin buƙatun da ya zo daga can, in ya fi ƙarfin wannan ɓangaren sai ya dawo da -1.

Ranar da muka gwada tsakanin saba biyu da saitinsu ya ɗan bambanta sai ƙaurar ta faɗi, abin da log ɗin mai karɓa ya nuna shi ne "load of migration failed: Operation not permitted". Akwai layi ɗaya a samansa da ya ambaci sunan na'urata amma bai ce me ta yi ba, don haka na ɗauka hana ta buɗe wani fayil aka yi. Wlh yini biyu na yi ina bin izinin fayiloli, na duba SELinux, tsarin tsaro na Linux, na duba wane yuza ne yake gudanar da QEMU, har da root na gwada, ashe babu ruwan izini a maganar, post_load ɗina ne ya ƙi karɓa. Abin da ya ƙara ruɗa ni, a ɓangaren mai aikawa wani lokacin query-migrate, umarnin tambayar halin da ƙaura take ciki, ya ce failed da maganar Broken pipe, wani lokacin kuma ya ce completed alhali QEMU na can ya riga ya mutu.

Daga nan sai na bi ko'ina ina zuba error_report, yanzu kuskure ɗaya yana fitowa sau uku a log, shi kuma manhajarmu da ke kula da VM ɗin ta QMP, hanyar da manhaja ke ba QEMU umarni ta karɓi amsa, har yanzu ba ta ganin ainihin dalili. Na gwada error_setg a wasu ƙananan fankshin na ciki sai QEMU ya fashe da assert a cikin error_setv.

Tambayata, mene ne ƙa'idar? Yaushe ake error_report, yaushe ake errp (foyintar da fankshin yake miƙa wa mai kiransa kuskure ta cikinta, da error_setg), yaushe ake dawo da lamba kawai? Sbd a cikin kod ɗin ƙaura duka ukun nake gani a haɗe.

tsohon_kanikawa:

Wa alaikumus salam ƙanina. Bari in fara da wancan "Operation not permitted" ɗin don shi ne ya ci maka yini biyu. A can sama ana ɗaukar lambar da aka dawo da ita a juya ta a miƙa wa strerror, wato ana sa ran errno ce, lambar kuskure ta Linux, mai alamar ragi. Kai ka ba da -1, aka juya ta koma 1, lamba 1 kuwa a Linux ita ce EPERM. Shi ya sa aka ce maka ba ka da izini. Da -EINVAL ka dawo da ita, wato -22, da "Invalid argument" za ka gani, wanda shi ma bai faɗi komai sosai ba amma aƙalla ba zai tura ka bin SELinux ba. Don haka abu na farko, duk inda masu kiranka suke fassara lambar a matsayin errno, kar ka sake ka dawo da -1.

To ƙa'idar da ka tambaya, tana rubuce a dogon bayanin da ke saman include/qapi/error.h, ka samu lokaci ka karanta shi tun daga farko, amma ga yadda nake riƙe ta a kaina. Wanda ya ci karo da matsala shi ne ya san me ya faru, amma bai san me za a yi da labarin ba. Wanda ke can sama shi ya san ko za a sake gwadawa, ko za a haƙura, ko za a mayar wa mai QMP amsa. Saboda haka na ƙasa ya rubuta labarin ya miƙa sama da error_setg, na tsakiya in yana da abin ƙari ya liƙa a gaba da error_prepend, misali sunan na'ura ko lambar sashe, sai mutum ɗaya tal a can ƙarshe ya yanke hukunci, ko ya buga da error_report_err ko ya ajiye inda query-migrate zai gani. Abin da kake yi yanzu kowane mataki yana bugawa da kansa, shi ya sa kake ganin sau uku.

Kuma ka gane inda error_report yake zuwa. In kana cikin umarnin HMP, monitar da mutum ke buga umarni da hannu, zai fito a monita, in ba haka ba stderr yake tafiya, mafitar saƙonnin kuskure ta shirin, wanda a ƙarƙashin libvirt, manhajar da ake sarrafa VM da ita, yake ƙarewa a fayil ɗin /var/log/libvirt/qemu/ mai sunan VM ɗin. Mai magana ta QMP ba zai taɓa ganinsa ba ko sau ɗari ka buga. Abin da yake gani shi ne error-desc a amsar query-migrate, shi kuma wannan daga migrate_set_error yake samun abinsa.

Maganar assert ɗinka kuwa, error_setv yana tabbatar da cewa *errp babu komai a ciki kafin ya rubuta. In ya fashe to sau biyu ka saka kuskure a wuri ɗaya, galibi fankshin na farko ya faɗi, ba ka duba ba ka wuce ka kira na biyu da errp ɗin nan dai. Da gangan aka yi shi haka, don kuskure na biyu kar ya binne na farko a ɓoye. Maganinsa duk fankshin mai karɓar errp ya dawo da abin da za a gane ya faɗi, false ko NULL ko lamba mai ragi, kai kuma da ka gani ka fita nan take. Kar ka dogara da leƙa *errp don gane ko an faɗi, domin mai kiranka yana iya ba ka NULL in bai damu da labarin ba, ka ga ka taɓa NULL kenan. In dole sai ka leƙa, ko za ka yi error_prepend ko error_append_hint, sai ka sa ERRP_GUARD() a layin farko na fankshin ɗin, da shi za ka iya leƙa *errp ko da NULL aka ba ka. Amfaninsa na biyu shi ne in an ba ka &error_fatal, ba tare da shi ba shirin zai fita tun a error_setg kafin ƙarin bayaninka ya shiga.

Wani ƙaramin abu, saƙon error_setg jimla ɗaya ce, ba sabon layi a ƙarshe, ba ɗigo. In akwai shawarar da za ka ba mutum ka sa ta a error_append_hint, amma ka sani ita ba ta bin QMP, ta ɗan Adam ce mai kallon allo, don haka kar ka ɓoye muhimmin abu a cikinta.

mai_gadin_saba:

Malam ya gama da ɓangaren kod, ni bari in yi magana a matsayin wadda ake tasa da dare in ƙaura ta faɗi, domin mu ne muke karanta saƙonnin nan da kuke rubutawa.

Wannan completed ɗin da ka gani alhali can an mutu ba aljanu ba ne. A ƙaura ta yau da kullum RAM ake fara turawa VM yana ci gaba da aiki, ana zagayawa ana sake tura shafukan da suka canza, sai abin da ya rage ya yi ƙanƙantar da za a iya turawa cikin ɗan lokacin da aka yarda VM ya tsaya, wanda in ba ka taɓa saitin ba milisakan 300 ne, sannan a tsayar da shi a tura ragowar tare da halin na'urori. Ka ga kenan na'urarka a can ƙarshen rafin take. Mai aikawa zubawa kawai yake a soket, in ya gama zubawa kafin na can ya mutu sai ya ce ya kammala, in kuma na can ya riga shi rufe soket sai ka ga Broken pipe ko Connection reset by peer. Tsere ne kawai tsakaninsu, shi ya sa yau ka ga wannan gobe ka ga wancan. Akwai return-path da za ka kunna a migrate-set-capabilities, da shi mai aikawa zai jira ya ji daga can kafin ya ce an gama. Amma kar ka sa rai zai kawo maka jimlar kuskuren, lamba ce kawai take dawowa ta wannan hanyar, cikakken labarin yana can wajen mai karɓa. libvirt yana da nasa matakan na tabbatarwa a ƙarshe, in na can bai tashi ba sai ya sake kunna VM a inda yake, amma tunda ku manhajarku kai tsaye take magana da QMP to wannan aikin a wuyanku yake.

Kuma a 8.2 da kake kai, in lodi ya faɗi QEMU na mai karɓa fita yake yi gaba ɗaya, ba wanda za ka tambaya ta QMP, sai dai abin da ya bari a stderr. Daga 9.1 ne aka ƙara exit-on-error a migrate-incoming, in ka sa shi false zai tsaya da ransa har ka tambaye shi query-migrate. Kafin ku kai can, ku tabbata manhajarku tana kama stderr na mai karɓa tana ajiyewa, kuma agogon sabobin biyu ya zama ɗaya, in ba haka ba jera log biyu gefe da gefe wahala ce.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne, kuskuren da ya fara fitowa shi ne na gaskiya. Da zarar abu ɗaya ya lalace a ƙaura, sauran duk rushewa suke biyo shi, soket ya rufe, zaren da ke karantawa ya ga ƙarshen fayil, in kana amfani da multifd, wato tura bayanai ta tashoshi da yawa lokaci ɗaya, kowace tasha ta yi nata kukan, ko tashoshi 2 ne na asali balle wanda ya ƙara su zuwa 8. Shi ya sa migrate_set_error yake riƙe na farko kawai a ƙarƙashin makulli ya yi watsi da na baya, haka ma qemu_file_set_error ba ya taka wanda ya riga ya shiga. To amma wannan yana nufin tsarin da ka bi yana da muhimmanci, in ka rufe soket tukuna sannan ka zo ajiye kuskurenka, wani zaren zai riga ka da Broken pipe ɗinsa ya zauna a kujerar, naka na gaskiya ya bi ruwa. Ka ajiye dalili tukuna, sannan ka fara rushe-rushe. Haka in mutum ne ya ba da migrate_cancel da kansa, kukan da soket zai yi bayan nan ba kuskure ba ne, bai kamata ya fito kamar wani abu ya lalace ba.

Sai roƙona game da abin da za ka rubuta a saƙon. Don Allah kar ka ce min "invalid state" ka tafi. Faɗa min wace na'ura, wane fili a cikinta, nawa ya zo, nawa kake iya ɗauka. In na ga an turo 1024 kai kuma 256 ne iyakarka, cikin minti ɗaya na san saitin da zan gyara ba sai na taso ka ba.

Na ƙarshe kuma wannan da gaske nake, a ɓangaren mai aikawa kar ka kuskura ka yi amfani da &error_fatal ko &error_abort a hanyar ƙaura. VM ɗin nan aikin mutane yake yi, in ƙaura ta ƙi sai ya ci gaba da zamansa a inda yake, ba wai ka kashe shi don ka kasa kwashe shi ba. A ɓangaren mai karɓa ma kar ka sa assert a kan abin da ya zo ta waya, bayanan waje ne, ka duba su ka ƙi su cikin mutunci. In kun taɓa shiga postcopy lissafin ya ma fi haka tsanani, domin a can VM ya riga ya tashi a sabon wuri alhali wani ɓangaren RAM ɗinsa yana tsohon wuri, ba ɗayan da ke da cikakken abu, shi ya sa in netwok ya yanke ake shiga postcopy-paused a jira migrate-recover maimakon a ce failed a watse.

dan_kernel:

ni dai ina da dan ja da maganar Malam kadan, ba wai ba daidai bace amma yaron nan yace 8.2 yake kai, kuma a 8.2 post_load bashi da errp kwata kwata, opaque da version_id kawai yake karba ya dawo da int. to ina zai mika labarin? in yabi ka'idar nan ido rufe ya cire duk error_report dinsa zai koma inda ya fara ne, lamba tsirara ba bayani. a irin wannan wajen error_report guda daya a cikin post_load ba laifi bane, shine ma daidai. ni a wajena kuskure ya fito sau biyu yafi min sauki akan ya bata gaba daya, na farko ido kawai yake bata ma, na biyu kwana yake ci. kuma naga mutane da yawa suna zumudin maida komai errp sai su cire bugawa a kasa su manta basu sa kowa ya buga a sama ba, ko su mika NULL don kod ya hadu kawai, shikenan labari ya mutu a hanya ba wanda ya sani

tsohon_kanikawa:

Gaskiyarka ɗan'uwa, kuma ban musa ba, gara da ka faɗa. Ƙa'idar ba ta ce a daina bugawa ba, cewa ta yi a buga sau ɗaya a inda hanyar errp ta ƙare. A 8.2 hanyar tana ƙarewa a bakin post_load, to nan ne wurin bugawar. Yadda zan tsara shi, duk ƙananan fankshin na cikin na'urar su karɓi errp su dawo da bool, ba mai buga komai a cikinsu. Shi post_load ya riƙe Error *local_err = NULL nasa, ya kira su, in an faɗi ya yi error_report_err sau ɗaya, wanda yake bugawa kuma ya saki memorin, sannan ya dawo da -EINVAL. Ribar wannan ita ce ranar da kuka hau sigar da hanyar ta ƙara tsawo, layi biyu ko uku kawai za ka taɓa, ka cire bugawar ka miƙa errp sama. Aikin da ake ta yi kenan a kod ɗin ƙaura shekara da shekaru, ana tura wannan bakin iyakar sama kaɗan kaɗan, shi ya sa ƙaninmu ya ga salo uku a haɗe, tsohon kod ne da sabo suke zaune tare.

Abin da ka faɗa na miƙa NULL don kod ya haɗu, wannan shi ne wanda na fi tsoro in ina duba facin mutum. Duk inda na ga an canza error_report zuwa error_setg sai na bi kiran da yatsa har sama in ga wa zai karɓa, kuma wa zai saki memorin. A nan ma akwai tarko, migrate_set_error a sigarku kwafi yake yi, naka yana nan a hannunka, sai ka sake shi da error_free ko ka buga shi da error_report_err, in ba haka ba memori na zuba. Shi kuwa error_propagate karɓewa yake gaba ɗaya, bayan ka kira shi kar ka sake taɓa foyintar.

Sannan ƙanina ka yi tunanin ko dole ne sai a post_load za a gano matsalar. Lokacin nan an riga an kwashe RAM duka an tsayar da VM, mafi tsadar wuri kenan da za a ce a'a. In akwai yanayin da ka san tun farko na'urarka ba za ta iya ƙaura ba, migrate_add_blocker yana nan, umarnin migrate ɗin kansa zai dawo da dalilinka ta QMP tun ba a tura ko baiti ɗaya ba. In kuma abu ne da mai aikawa zai iya ganewa lokacin kwashewa, pre_save ma yana iya ƙi. Naka na bambancin girman layi mai karɓa ne kaɗai ya san iyakarsa, don haka dubawar post_load tana nan daram, amma manhajarku tana iya kwatanta saitin ɓangarorin biyu kafin ta fara.

Kuma ka rubuta gwajin faɗuwa, ba na nasara kaɗai ba. Ka tayar da QEMU biyu a kwamfuta ɗaya da saiti daban da gangan, ka ga me ya fito, sau nawa ya fito, kuma VM na farko yana nan da rai ko a'a. Ka leƙa migration-test da ke cikin tests/qtest ka ga yadda suke gwada ƙaurar da ake sa ran za ta faɗi.

sabon_hannu:

Ngd sosai Malam, ngd Yaya, Allah ya ƙara ilimi. Na zauna daren jiya na gyara yadda kuka ce. Fankshin huɗu na ciki duk sun koma errp da bool, assert ɗin ma na gano shi, a madauki ne nake zagaya layuka ina kiran mai dubawa ba na fita in na farko ya faɗi. Yanzu post_load ne kaɗai yake bugawa, saƙon yana faɗin lambar layin da girman da ya zo da iyakar wannan ɓangaren, a ƙasansa layin QEMU mai sunan na'ura, sai "Invalid argument" a ƙarshe. Na kunna return-path, na maimaita gwajin sau goma duk failed yake cewa, completed ɗin ƙarya bai sake fitowa ba, kuma VM ya ci gaba da aiki a tsohon wurinsa.

Abin da ya rage min shi ne manhajarmu ta haɗa labarin ɓangarorin biyu wuri ɗaya, don har yanzu error-desc na mai aikawa cewa kawai yake na can ya ƙi. Na fara sa ta tana karanta stderr na mai karɓa in ya fita da lambar da ba sifili ba. Yaya mai_gadin_saba, ku a wajenku layi nawa na ƙarshe kuke ɗauka ku nuna wa mai aiki, ko duka fayil ɗin kuke liƙa masa?